Yadda ake tsinko bado a mayar da shi abinci

Duk wanda ya bi ta dausayin Haɗeja da Nguru a ƙarshen damina ya ga bado shimfiɗe a kan ruwa: ganye mai faɗi kamar faifai, gefensa da haƙora kamar zarto, da farin fure wanda ke buɗewa da dare ya rufe da hantsi. Mai shuɗin fure, ɗan'uwansa, shi da rana yake buɗewa. Baƙo furen yake kallo, amma abincin yana ƙarƙashin ruwa.

Da farko a jira lokaci. Sai kaka ta shigo, ruwa ya fara ja da baya, 'ya'yan suke ƙosawa. Idan fure ya gama, sandarsa takan lanƙwashe ta ja ɗan zuwa ƙasan ruwa, a can yake nuna. Don haka ba a tsinkar bado da ido. Za ka kama sanda ka bi ta da hannu har ka taɓa wani ƙullutu mai kamar ƙaramin lemo. Mai nauyi da ya fara laushi shi za ka cire. Mai tauri ka bar shi, wanda ya wuce lokaci kuma ya riga ya fashe, ruwa ya tafi da ƙwayarsa.

In da hali a yi aikin daga cikin kwalekwale. Ruwan da bado ke so, wato kwantaccen ruwan tafki da fadama, shi ne kuma gidan ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya, kuma a bayan ganyen nan suke maƙalewa. Wanda ya shiga da ƙafa ya sa takalmin roba mai tsawo. Yara kuwa gara su tsaya a gaɓa su riƙa karɓa.

Bayan an kawo gida, a zuba a buhu ko a tara a inuwa na 'yan kwanaki har ɓawon ya ruɓe. Akwai wari, sai an daure. Sannan a murje cikin ruwa mai tsabta a babbar roba, a tsiyaye dattin, a sake wankewa har ƙwayar ta fita fes. Ƙanana ce ƙwarai, ba ta kai gero ba, saboda haka rariya mai manyan ido asara za ta jawo. A tace da ƙyalle.

Shanya ita ce inda masu gaggawa ke ɓata aikinsu. A baza siriri a kan tabarma, a riƙa juyawa, sai ta bushe ƙarau ta yadda in ka damƙa za ta zube ta tsakanin yatsu. In da sauran danshi aka ɗure ta a buhu, hunhuna za ta yi. Daga nan a surfa a turmi a hankali, a bakace, a kai niƙa. Garin yana yin tuwo da kunu. A ganina ya fi daɗin tuƙi in an haɗa shi da garin dawa ko na gero, don shi kaɗai bai cika ɗaurewa ba, kuma launinsa da duhu. Wasu soya ƙwayar suke yi a busasshen kasko su ci haka nan.

Saiwar kuma sai rani, in tafki ya ƙafe. A tona taɓo, a wanke, a dafa ko a gasa a toka kamar dankali, a ɓare. Kada a kwashe duka, domin daga ita da ƙwayar da ta faɗa taɓo bado ke sake tsirowa in ruwa ya dawo, ga shi kuma kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta riga ta mamaye wurare da dama da yake fitowa a yankin Haɗeja.