Yadda Ake Zaɓen Launukan da Za Su Dace da Ɗaki

Yawancin masu gyaran ɗaki da fenti suke farawa, alhali kuwa shi ya kamata ya zo daga ƙarshe. Dalili shi ne ana iya haɗa fenti ya ba da kowane irin launi, kuma sake shafa shi ba wani babban aiki ba ne, amma tayil da aka riga aka shimfiɗa, da kujeru, da babban kafet, ba a sauya su cikin sauƙi. Saboda haka ka fara duba abin da ya riga ya zauna a ɗakin, ka ɗauko launi daga jikinsa. Idan kafet ɗinka ruwan ƙasa ne mai ratsin shuɗi, to ya riga ya ba ka launuka biyu, saura na uku.

Masu ƙawata ɗakuna suna amfani da wani ma'auni da ake kira 60-30-10. Launi ɗaya yana ɗaukar kashi 60 cikin ɗari, wato bango da manyan wurare; na biyu kashi 30, kamar labule da kujeru; na uku kuma, wanda ya fi ɗaukar ido, kashi 10 kacal, a jikin matasan kujera da hotuna. Ba doka ba ce, amma tana hana launuka gasa da juna, domin idan ja da kore suka yi kunnen doki a ɗaki ɗaya, ido ba ya samun inda zai huta.

Wajen haɗawa, da'irar launuka, wato zanen da'ira da aka jera launuka a kewayenta, wadda masanin kimiyya Isaac Newton ya wallafa irinta a 1704, tana da amfani har yau. Launukan da ke fuskantar juna a cikinta, kamar shuɗi da ruwan goro, suna fito da juna sosai, don haka a bar ɗaya ya zama ɗan kaɗan. Waɗanda ke maƙwabtaka, kamar shuɗi da kore, suna zama lafiya, kuma a ganina su ne suka fi dacewa da ɗakin barci.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne haske. Ruwan tokan da ya yi kyau a ƙaramin katin samfuri yana iya komawa shuɗi-shuɗi idan ya mamaye bango huɗu. Ɗakin da tagarsa ke duban yamma yana samun hasken la'asar mai ja-ja, wanda ke ƙara wa ruwan madara ɗumi, shi kuwa mai duban gabas da safe yake haskakawa. Ƙwan lantarki ma yana da tasirinsa: mai lamba 2700K haskensa rawaya-rawaya ne, mai 6500K kuma fari ne tas mai karkata zuwa shuɗi. Don haka ka sayi fenti kaɗan, ka yi shafi biyu a kan kwali mai faɗin rabin mita, ka bari ya bushe sarai, domin launin ɗanyen fenti ba shi ne na busasshe ba. Sannan ka jingina kwalin kusa da labule da kujera, ka duba shi da hantsi, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna fitila.

Idan ɗakin ƙarami ne, launi mai haske yana sa a ga kamar ya fi faɗi, farin silin kuma yana ƙara masa tsayi a ido. Fenti mai ƙyalli ya fi sauƙin gogewa, sai dai yana tona duk wani lanƙwasa da ke jikin filasta, saboda haka a bar shi ga ƙofofi da firam ɗin taga, bango kuma a shafa masa marar ƙyalli.