Yadda ake kama yoyon tafkin ma'adinai kafin ya ɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa

Tafkin da ake tara ruwan wankin ma'adinai ba ya yoyo a gaban ido. Ta ƙasa yake tsiyaya a hankali, sai rijiyoyin maƙwabta sun canza ɗanɗano a farga. Don haka tun wajen gini ake shirya yadda za a gane yoyon.

A fara da ƙasan ramin. A tsince duwatsu da saiwoyi, a zuba yumɓu mai kaurin santimita 30 zuwa 60, ana daɓe shi hawa-hawa da ɗan damshi. Kada a bar shi a rana ya bushe, domin in ya tsattsage aikin ya tashi a banza. A kai ake shimfiɗa ledar HDPE, wata leda mai ƙarfi da ke tare ruwa, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2. In ruwan na ɗauke da sayanayid (gubar da ake tace zinare da ita) ko tsami, leda biyu ake sa wa, da ragar roba a tsakani mai gangaren kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wadda ke kai duk abin da ya tsiyaye wani ɗan rami mai famfo da mitar awon ruwa.

Yawancin ɓarna a mahaɗar ledoji take, da wurin da bututu ya ratsa leda, da inda tsakuwa ko tayar mota ta huda ta. Injin liƙi yana yin layi biyu da kafa a tsakiya. A toshe bakin kafar, a hura iska har matsinta ya kai kimanin kilofaskal 200, a jira minti 5; in allurar ma'aunin iska ta yi ƙasa sosai, akwai inda bai kama ba. Faci kuwa da akwatin zuƙe iska da ruwan sabulu ake gwada shi, kumfa ce ke tona asiri. Kada a rufe leda da tsakar rana: zafi na sa ta yamutse, kuma ƙarƙashin yamutsar nan ruwa ke samun hanya ya bazu.

Bayan an cika tafki, a riƙa rubuta ruwan da ya shiga, da wanda aka zuƙe, da ruwan sama, da wanda rana ta ƙafar. Giɓin da ya ƙi cikewa yoyo ne.

Sai rijiyoyin sa ido: aƙalla ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, wasu ta inda yake gangarawa. A ɗebi samfuri tun kafin a fara aiki, in ba haka ba babu abin kwatantawa. Salfet (sinadari daga farar wuta) da yawan gishirin ruwa kan riga ƙarafa tashi, su ya kamata a fi zuba wa ido.

In sun tashi, a rage ruwan tafki, a nemo hudar da na'urar lantarki, a yi faci, a kuma haƙa rijiyoyin zuƙa a gaban gurɓataccen ruwan a riƙa mayar da shi tafki har awo ya koma yadda yake tun farko.