Yadda Ake Zuwa Hutu a Tsibirin Maafushi na Ƙasar Maldibi

Da an ambaci Maldibi, sai hankalin mutane ya tafi ga ɗakunan nan da aka kafa a kan ruwa, waɗanda kwana ɗaya a cikinsu kan cinye albashin wata da watanni. Amma ƙasar tana da tsibirai kusan 1,200 a Tekun Indiya, kuma tun 2009 gwamnati ta ba mazauna ƙauyuka izinin buɗe masaukan baƙi. Maafushi ne ya fi cin moriyar wannan dama. Yana kimanin kilomita 27 kudu da Male, babban birnin ƙasar, kuma tsawonsa bai fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Ga yadda za ka tsara tafiyar.

Da farko ka zaɓi lokaci. Daga Disamba zuwa Afrilu ne rani: sama garau, teku a kwance, farashi kuma a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba iskar damina ke kaɗawa, ɗakuna su yi araha, sai dai igiyar ruwa kan yi ƙarfi har a soke fita. In da yara ko tsofaffi a tafiyar, ka biya tsadar rani, ya fi kwanciyar hankali.

Sai takardu. Ba a neman biza tun daga gida. A filin jirgi ake buga maka ta kwana 30, kyauta. Amma kyautar tana da sharaɗi: tikitin dawowa, shaidar ka kama masauki mai rajista, da kuɗin da za su ishe ka. Ka tabbata fasfonka yana da sauran wata shida, don kada kamfanin jirgi ya kawo maka cikas. Wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar lallai ya riƙe katin rigakafin cutar shawara. Akwai kuma fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin sa'o'i 96 kafin isa. Shi ma ba a biyan ko sisi, don haka duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ka bar shi. Ka buga komai a takarda. Jami'in shige da fice ba zai jira wayarka ta kama sabis ba.

Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Daga Abuja ko Legas za ka yada zango a Doha, Dubai ko Istambul, sannan ka sauka a filin jirgin Velana, wanda shi kansa a kan tsibiri yake. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa huɗu. An haramta shiga da giya da naman alade.

Mataki na gaba shi ne inda baƙi suka fi yin tuntuɓe: jirgin ruwa. Kafin ka sayi tikitin jirgin sama, ka rubuta wa masaukinka ka tambayi lokutan tashin jirage zuwa Maafushi. Mai gudu yakan kai ka cikin minti 30 zuwa 45, kuma yana ɗauka daga bakin filin jirgi. Akwai na haya na gama-gari daga Male, mai araha ƙwarai, amma yakan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi, kuma ba ya aiki ran Juma'a. Wanda ya sauka tsakar dare, ko dai ya kwana a Hulhumale kusa da filin, ko ya ɗauki shatar jirgi shi kaɗai da kuɗin da zai daɗe yana jin zafinsu. Gara ka nemi jirgin da ke sauka da safe. Mai saurin jin jiri ya sha magani tun kafin a tashi, ya zauna ta baya.

Batun kuɗi: rufiya ce kuɗin ƙasar, amma masaukai da masu yawon teku suna karɓar dala. Ka riƙe sababbin takardu, domin ana ƙin yagaggu da masu datti. In an faɗa maka kuɗin ɗaki, ka tambaya ko har da haraji. Akwai na kaya, na hidima da na muhalli, kuma idan suka haɗu ba ƙaramin ƙari ba ne.

Da ka isa, za ka ga abin da ya sa nake fifita irin wannan tsibiri a kan manyan otal-otal. Gari ne na Musulmi. Ana kiran salla, shaguna da yawa kan rufe na ɗan lokaci idan an kira, abinci halal ne, ba a sayar da giya. Mazhabar Shafi'iyya suke bi, saboda haka kada ka yi mamaki in liman ya bayyana bisimilla ko ya yi alƙunutin Asuba da ƙarfi. An keɓe wa Turawa gefe guda na gaɓa inda suke wanka da kayan iyo, sauran bakin ruwan kuwa na masu cikakkiyar sutura ne, inda uwargida za ta shiga ruwa ba wanda zai kalle ta. Da safe ka nemi mas huni, wato kifin tuna da aka cakuɗa da kwakwa, albasa da barkono, ana ci da wata siririyar gurasa, roshi.

Kada ka sayi yawon teku tun daga gida. Ka zaga gari da yamma ka kwatanta farashi, masu shiryawa suna da yawa. Fitar rabin yini kan haɗa da leƙen murjani da tabarau da bututun numfashi, ganin kunkurun ruwa da dolfin, da cin abincin rana a kan tudun farin yashi a tsakiyar teku. Rashin iya iyo ba abin kunya ba ne ga ɗan tudu: ka faɗa wa jagora, ka sa rigar da ke hana nitsewa, kada ka cire ta ko da ruwan ya yi kamar ba zurfi, domin a mashigan da ke tsakanin tsibirai ruwa yana ja da ƙarfi. Kada ka taka murjani. Yana yanka, kuma yana mutuwa. Rana ma tana ƙuna fiye da yadda iskar teku ke bari ka ji.

In ka tsinci wuri a yashi, ka dube shi da kyau. Daga waɗannan tsibirai aka riƙa kwaso farin wurin da ya zama kuɗin ciniki a Afirka ta Yamma, har kasuwar Kurmi ta Kano. Ka duba ka ajiye, tsarabar murjani da ƙoƙon kunkuru kuwa doka ta hana fita da su.

Ranar komawa ka kama jirgin ruwan da zai kai ka awa huɗu kafin tashi, don teku kan sauya ba sanarwa. In lokaci ya ragu, ka tsallaka gadar Sinamale zuwa Male ka ga Hukuru Miskiy, masallacin Juma'ar da aka gina da dutsen murjani a 1658.