Yadda Ake Buga Wasannin Kwamfuta Daga Nesa Ta Kwamfutar Gida Da Ba Ta Da Allo

Ana iya ajiye kwamfuta mai ƙarfi a lungun ɗaki ba tare da allo ko madannai ba, mutum ya riƙa buga wasanninta daga ƙaramar kwamfutar cinya ko waya ko talabijin. Kwamfutar gidan ce ke yin aikin wasan gaba ɗaya, katin hotonta (graphics card, wato sashen da ke zana hotunan wasan) ya matse abin da ya zana ya zama bidiyo, ya turo shi ta hanyar sadarwa, na'urar da ke hannun mai wasa kuma ta mayar mata da duk abin da ya danna.

Inda yawancin mutane ke cijewa shi ne batun allon. Katin hoto yana tambayar allon da aka jona masa irin girman hoton da yake iya nunawa, allon kuma ya amsa da wani ɗan bayani da ake kira EDID. Idan babu allo, babu wannan amsa, sai Windows ta ƙi samar da cikakken hoton da manhajar watsawa za ta ɗauka, mai wasa ya ga baƙi ƙirin ko hoto mai ƙanƙanta. Saboda haka dole ne a sa kwamfutar ta ɗauka cewa akwai allo a jikinta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi ɗan toshin HDMI na bogi, wanda tsayinsa bai wuce ɗan yatsa ba, a cusa shi a bayan katin hoton. Babu abin da ke cikinsa sai guntun da ke ba da amsar EDID. A lura sosai a sa shi a ramin katin hoton da kansa, domin idan aka sa shi a ramin da ke jikin babban faifan kwamfutar (motherboard), wasan zai iya komawa kan ƙaramin injin hoto na cikin furosesa. Aibinsa shi ne girman hoton da aka rubuta masa tun daga masana'anta kawai yake bayarwa, kuma da yawansu ba sa wuce hoto 60 a daƙiƙa. Hanya ta biyu ita ce direban allo na ƙirƙira, wato manhajar da ke samar da allo a cikin Windows ba tare da wani ƙarfe ba, kuma ana iya saita masa girman da ya dace da wayar mutum ko talabijin ɗinsa. Apollo, wadda reshe ce ta manhajar watsa wasa mai suna Sunshine, tana zuwa da irin wannan allo a cikinta. A ganina wanda ba ya son yawan saite-saite ya fara da toshin, domin sabunta Windows ba ya taɓa shi.

Game da manhaja kuwa, Sunshine ce ake sawa a kwamfutar gida, Moonlight kuma a na'urar da za a yi wasa da ita. Dukansu kyauta ne, kuma sun ƙara karɓuwa bayan da kamfanin NVIDIA ya daina tallafa wa tsarinsa na GameStream a 2023. Sunshine tana aiki da katunan NVIDIA da AMD da Intel. Steam Remote Play da Parsec ma suna yin aikin, amma su ma sai da allo na gaske ko na bogi.

Duk abin da za a yi, a yi shi tun allon gaske yana jone. Bayan an girka Sunshine, sai a buɗe burauza a shiga https://localhost:47990, a ƙirƙiri suna da kalmar sirri. Burauzar za ta yi gargaɗi kan takardar tsaro, kuma babu laifi a wuce shi a nan. A buɗe Moonlight a ɗaya na'urar, a zaɓi kwamfutar, za ta nuna lambobi 4 waɗanda za a rubuta a shafin PIN na Sunshine. Idan za a yi amfani da hannun wasa (controller) a Windows, sai an girka direban ViGEmBus. A tabbata Sunshine tana tashi da kanta tare da Windows, a hana kwamfutar yin barci, sannan a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a kunna saitin da ke sa ta tashi idan wuta ta dawo bayan ɗaukewa. Daga nan a cire allon, a sake kunna kwamfutar, a gwada shiga tun ana cikin gida. A guji amfani da Remote Desktop na Windows wajen gyara, domin yana kulle zaman da Sunshine ke ɗauka, sai a dawo a tarar da shafin shiga.

Kwamfutar gida ta kasance a kan kebul na Ethernet. Ɗaya na'urar kuwa, idan dole sai Wi-Fi, a yi amfani da na 5 GHz. Moonlight tana fara 1080p mai hoto 60 a daƙiƙa da megabit 20 a daƙiƙa, kuma ga wanda ke wajen gida, saurin turawa na intanet ɗin gidan ne ma'auni, wanda galibi bai kai saurin saukewa ba. Cikin hanyoyin matse bidiyo, HEVC ta fi H.264 kyawun hoto a ƙaramin sauri, matuƙar na'urar hannu tana iya warware ta. A hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto yana da kusan milisakan 16.7 ne kacal, don haka jinkirin hanya da ke hawa da sauka ya fi ɓata wasa a kan ƙarancin kaifin hoto. Danna Ctrl da Alt da Shift da S a Moonlight ta kwamfuta yana nuna jinkirin da adadin hotunan da suka zube. Idan suna zubewa, a rage megabit ɗin kafin a taɓa wani abu.

Don shiga daga waje, ana iya buɗe ƙofofin Sunshine a rauta, amma Tailscale ko WireGuard, manhajojin da ke haɗa na'urori ta keɓantacciyar hanya, sun fi aminci, domin ba sa bayyana kwamfutar ga duk mai lalube a intanet. Tailscale kuma tana aiki ko da kamfanin intanet yana raba adireshi ɗaya ga gidaje da yawa, yanayin da buɗe ƙofa ba ya amfani a cikinsa. A girka ta a na'urorin biyu, a rubuta adireshin da ta bai wa kwamfutar gida a Moonlight. Sai dai saƙon Wake-on-LAN da ke tayar da kwamfutar da aka kashe ba ya ratsa Tailscale kai tsaye, saboda haka ko dai a bar ta a kunne, ko a ajiye wata ƙaramar na'ura kamar Raspberry Pi a gida wadda za ta aika saƙon daga ciki. Idan aka zaɓi wannan, a kunna Wake-on-LAN a BIOS da saitin katin sadarwa, a kuma kashe Fast Startup na Windows, wanda sau da yawa yake hana katin jin saƙon.