Kurakuran da ke kashe kilam a ƙaramin tankin ruwan gishiri

Mu masu kiwon halittun teku cikin gilashi a nan Zariya ba mu da yawa, amma duk wanda ya shigo sabo sai ya taka inda na gabansa ya taka ya faɗi. Na gaji da amsa tambaya ɗaya: me ya sa kilam ɗina ya wangale ya ƙi rufewa? Amsar ba ta da daɗi, domin wanda ya kai wannan hali yawanci ya riga ya tafi. Kilam ɗin da nake nufi shi ne Tridacna, mai ɓawo biyu, wanda asalinsa tekun Indiya ne da Pasifik da Bahar Maliya. Naman nan mai shuɗi ko kore ko ruwan zinare da yake shimfiɗawa a bakin ɓawonsa cike yake da ƙananan gansakuka waɗanda ido ba ya gani, su ke sarrafa haske su ciyar da shi. Dabba ce da ta saba da ruwan da gishirinsa da zafinsa kusan ba sa motsi. Mu kuwa mun kawo ta garin da Disamba dabam, Afrilu dabam.

Babban kuskure shi ne zaton ƙaramin tanki ya fi sauƙi. Kuɗinsa ne kawai ya fi sauƙi. Ɗauki tanki mai lita 40 a lokacin hunturu, iska ta bushe ƙarau, ruwa yana tashi yana barin gishirinsa a baya. In lita 2 ta tashi, gishirin da ka daidaita a 35 cikin dubu ya haura kusan 37. Sai mai tanki ya dawo daga aiki ya ga ruwa ya ja baya, ya ɗauko jarka ya kwarara masa lita biyun nan gaba ɗaya. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kifi zai iya daurewa, kilam ba zai daure ba. Wani ma da ruwan gishiri yake cikawa, wai ai tankin teku ne. Malam, gishirin bai tafi ko'ina ba, ruwa ne ya tafi. Da ruwa zalla ake cikawa. Ni alama nake yi da maka a jikin gilashi, in rataye gora a sama da siririn tiyo tana ɗiga a hankali dare da rana, ma'aunin gishiri, mai auna nauyin ruwan, kuma ya tsaya tsakanin 1.025 da 1.026. Mai hali ya sayi na'urar da ke cikawa da kanta.

Sai zafi, wanda shi ne ya yi mini asarar da har yau nake jin ta. Kilam yana son ruwa tsakanin digiri 25 da 27. In ya haura 30 ya daɗe a can, gansakukan nan sai su fara ficewa, naman ya koɗe ya yi fari, dabba ta shiga yunwa alhali fitila na kunne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, kowa ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a Samaru ko Tudun Wada da azahar. Wata bazara na tafi biki Kano, aka ɗauke wuta, famfon tanki ya tsaya cak. Da na dawo tun daga ƙofa wari ya tarbe ni. Kilam ɗina mai shuɗi, nau'in maxima, ya mutu, ruɓarsa ta gurɓata ɗan ruwan, murjanin da na yi shekaru ina reno ya bi shi, kifaye ma suka bi. Abin da ya kashe su zafi ne haɗe da tsayuwar ruwa, domin ruwa mai ɗumi iskar numfashin da ke cikinsa kaɗan ce, in kuma ba ya motsi sai ta ƙare da wuri. Kwana ɗaya ko biyu ba fitila ba ya kashe kilam. Awoyi kaɗan ba motsin ruwa cikin zafin Afrilu yana iya kashe komai.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga mutum ya zuba kuɗi wajen sayen dabba mai tsada daga Legas, amma ya ce batun batir sai daga baya. Daga baya yaushe? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka yi odar kilam, ƙaramin famfonka ya kasance a kan inbata ko sola, ka kuma ajiye famfon iska mai batir a kusa. Ka kai tanki ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga mai kallon yamma. Ƙaramar fanka tana hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya zuwa biyu, amma ka sani tana ƙara tashin ruwa, don haka gorar ɗigo ta zama dole. Ni ba na rabuwa da gorunan ruwa daskararru a firiza, in zafi ya yi tsanani in saka ɗaya a rufe gam ta yi iyo a ciki. Ƙanƙara tsirara kuwa ba ta shiga tankina. Da hunturu akasin haka ne: daren Janairu yana iya sauke ɗan tanki ƙasa da 22, sai da hita.

Wani kuskuren da ke ƙona mini rai shi ne taɓe-taɓe. Nau'in maxima da na crocea suna fitar da wasu zaruruwa daga wata kafa da ke ƙarƙashin ɓawonsu, su ɗaure kansu a dutse. Zaren nan haɗe yake da wata gaɓa a cikin jikinsu. Ka fizge kilam daga dutse, ka yage gaɓar, cikin 'yan kwanaki ya mutu, kai kuma kana ta zargin ruwa. Na taɓa gani da idona a wurin wani mai sayarwa, ya sa hannu ya murɗe crocea daga dutse ya jefa a leda, mai saye yana tsaye yana murna. Na ce masa kada ya karɓa, bai ji ba, bai kuwa yi mako da shi ba. In dole sai an raba shi da dutse, a karkata shi a hankali, a sa reza a yanke zaren ta jikin dutsen, nesa da naman. Abin da nake yi tun ranar farko shi ne in ɗora shi a kan ɗan faffaɗan dutse wanda zan iya ɗagawa da hannu ɗaya, ya kama can, duk sanda zan matsar da shi in ɗauke su tare. Kuma don Allah a daina sauya masa wuri kowace safiya saboda hoto. In ya tunkuɗe kansa ya faɗo, yana gaya maka ne wurin bai yi masa ba, ko ruwa na bugunsa da ƙarfi har naman na naɗewa, ko haske bai ishe shi ba.

Batun haske ma akwai ganganci. Crocea da maxima su suka fi kowa bukatar haske mai ƙarfi, fitilar da ake haɗowa da tankunan araha ba ta riƙe su. Nau'in derasa da na squamosa sun fi haƙuri, sai dai derasa yana kai santimita 60, squamosa kuma kusan 40, ba su da makoma a lita 40 sai in kana da babban tanki na jiransu. Gigas kuwa, wanda ke wuce mita ɗaya da kilo 200, kada ma a kawo zancensa. Sabon zuwa a fara ajiye shi ƙasa, a riƙa ɗaga shi sama sannu a hankali cikin makonni.

Akwai wasu ƙananan dodon koɗi farare, girmansu bai kai ƙwayar shinkafa ba, da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo da rana, da dare su hau su tsotsi naman. Mutane ba sa ganinsu don ba sa dubawa. Ka tashi da tocila bayan an kashe fitila da awa biyu, ka leƙa gefen ɓawon da ƙasansa. In ka gan su, ka fitar da kilam cikin roba da ruwan tanki, ka goge ɓawon da tsohon buroshin haƙori har da ƙwayayensu masu yauƙi, ka maimaita duk 'yan kwanaki har sai ka daina gani. Ni kowane sabon kilam sai na goge shi kafin ya shiga, ko na ga wani abu ko ban gani ba.

Ɓawo da kalsiyam ake gina shi, kilam mai girma kuwa yana zuƙe shi da sauri a ɗan ruwa. Kalsiyam ya zauna tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, KH (ma'aunin kabonet ɗin da ke cikin ruwa) wajen 8 zuwa 9, magnesiyam kusan miligiram 1300 a kowace lita, a auna kowane mako. Farin layi a bakin ɓawo alamar yana girma ne, in babu shi akwai matsala. Kanwa da farar ƙasa ta magina ba su da wuri a nan, gishirin miya ma haka.

Ruwan rijiya ko na burtsatse ko fiya wata ba a haɗa gishiri da shi sai ya bi ta matatar RO, mai cire gishiri da sinadaran da ke narke a ruwa. Maganin kifi mai jan ƙarfe guba ne ga kilam, tankin da aka taɓa zuba shi ma ni ba na yarda da shi. Kada a tace ruwa har naitiret da fosfet, sinadaran da kashin kifi da ragowar abinci ke bari a ruwa, su koma sifili, gansakukan jikinsa suna bukatar ɗan kaɗan. Tankin da bai kai wata shida ba bai isa ba. Ɗan mitsitsin kilam da bai kai santimita 5 ba ya fi araha, ya kuma fi saurin mutuwa, ka nemi mai 7 zuwa 10. Kifayen da ake kira enjel da batafilai da fofa suna tsinken naman. Duk nau'in Tridacna yana cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, don haka ka tambayi mai shigo da shi takarda, ka kuma zaɓi wanda aka kiwata a gonakin teku irin na Palau a kan wanda aka ɓanɓaro daga daji.

Wajen saye, ka wuce da hannunka tsakanin fitila da shi. Mai lafiya zai zabura ya ja namansa, sannan ya sake buɗewa. Wanda bai motsa ba, ko naman ya janye daga bakin ɓawo, ko kafar shan ruwansa ta buɗe har kana hango cikinsa, ka bar wa mai shi kayansa ko kyauta ya ba ka. In kuma naka ne ya kai wannan hali, ya daina amsa inuwa da taɓi, kada ka tsaya jiran gobe. Ɗaga shi ka sunsuna, in akwai wari ka fitar da shi nan take, ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka sa sabon gawayin tacewa, ka auna ammoniya, gubar da ruɓa ke saki a ruwa, safe da yamma har kwana uku.