Yadda na gyara hayaƙin Camry bayan juye

Bayan an yi min juyen baƙin mai sai Camry ɗina 2014 mai injin 2.5 ta fara hayaƙi ta salansa, ga nauyi wajen tashi. Aka ce fulogi ne, aka ce ring ɗin fistan ne, duk ba su ba. Ashe galan ɗin lita 5 makanike ya juye gaba ɗaya, alhali lita 4.4 take ci har da filta.

Na ajiye ta waje mai daidai, na kashe inji na jira minti 5, na zaro gejin auna mai na goge na mayar, mai ya wuce alamar sama sosai. Muka kwance notin ƙasan inji da ake zubar da mai ta wurinsa muka rage kaɗan-kaɗan muna dubawa har ya tsaya kan alamar. Hayaƙi ya ɗauke, Alhamdulillah hankalina ya kwanta.