Hawa bas ɗin nisa a Ingila: ga 'yan Kaduna sababbin zuwa

Duk Satumba da Janairu in sababbin ɗalibai sun sauka tambayar ɗaya ce, Yaya ta ina zan bi in je Manchester wurin ƙanwar babana, Anti nawa ne mota daga filin jirgi zuwa Leeds. Toh bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji. Jirgin ƙasa ya fi sauri ba musu, amma kuɗinsa in ba da wuri ka saya ba sai ka ji kamar ka fasa zumuncin, shi ya sa yawancinmu masu lissafa fam da naira a ka bas muke hawa, National Express fara ko FlixBus koriya, ta Jamusawa. Landan zuwa Birmingham kusan awa 3, Manchester wajen awa 5, Glasgow kuwa wuni ko kwana ake a hanya.

Abu na farko, cire tashar Kawo daga ranka. A gida ka saba ka isa tasha ɗan kamasho ya karɓe jakarka yana saura mutum ɗaya saura mutum ɗaya, ka zauna ka ci doya da ƙwai ka sayi caja har yanzu ana lodi, in ma ka zagaya bayi direba zai jira ka don kuɗinka na hannunsa. A nan bas ba ta jiran cika. In tikiti ya ce 09:30 to 09:30 ɗin ne, ko fasinja uku ne a ciki za a rufe ƙofa, kuma in ta riga ta ja baya daga wurin lodinta ko kana buga gilashi direba zai ɗaga maka hannu ne kawai ya wuce, ba wulaƙanci ba ne, ba shi da hurumin sake buɗewa. Abin haushin shi ne ita bas ɗin tana iya makara saboda goslo a manyan hanyoyi irin M1 ko M6 kai kuma ba ka da wannan damar. Ka isa da minti 15 a hannu. Sannan a duba lokacin da kyau don agogon awa 24 suke rubutawa, 07:00 safe ne 19:00 dare ne, 00:30 na ranar Asabar kuwa ranar Juma'a da dare za ka fito daga gida, wannan ta kayar da mutane da yawa wallahi.

Ciniki ma babu. Duk abin da za ka yi da baki a Mando ko garejin Television a waya ake gama shi tun kana ɗaki. Farashin yana hawa yana sauka, kujerar da wani ya saya ƙasa da fam 10 sati biyu da suka wuce kai da ka saya yau da safe ka biya ninkinta, ga ku zaune kafaɗa da kafaɗa. Talata da Laraba sun fi sauƙi, yammacin Juma'a da Lahadi da satin Kirsimeti tsada. Amma a lura, mafi arahar tikiti yawanci shi ne wanda ba a mayar da kuɗi in ka fasa, so in tafiyar taka irin ta in Allah ya kai mu ce gara ka ƙara ɗan wani abu ka sayi wanda ake canzawa. Musamman ranar da ka sauka daga jirgi, layin shige da fice a filin jirgin Heathrow ba wanda ya san tsawonsa, kar ka yanki bas ɗin da za ta tashi awa ɗaya bayan saukarka. Ɗalibai da 'yan shekara 16 zuwa 26 akwai katin rangwame na National Express mai suna Young Persons Coachcard, yana rage kashi ɗaya cikin uku a galibin tikiti, in kana yawan zuwa Landan ba a jimawa ya mayar da kuɗinsa.

Yanzu kaya, nan ne mutanenmu ke shan wahala. Jirgi ya ba ki akwati biyu masu kilo 23, kin cika su taf da garin kunu da kuka da daddawa da yaji da atamfofi, ga kuma Ghana-must-go na tsarabar da dangi suka haɗo a kai wa wane da wance. Bas kilo 20 take ba wa kowane akwati, kuma FlixBus akwati ɗaya ne kyauta sai ƙaramar jaka ta hannu, sauran biya ake. Na taɓa ganin wata Hajiya a tashar bas ta Heathrow, wadda ke tsakanin Terminal 2 da 3, ta zuge akwati a ƙasa cikin sanyin nan tana kwashe ƙullin dawa tana cusawa a jakar hannu, ɗankwali na zamewa, yaro goye a baya yana kuka, turawa a layi sun yi tsit suna kallon agogo. Da ta biya kuɗin ƙarin kaya a waya tun kafin ta taso da ba haka ba, ya fi sauƙi kuma an san da zuwan kayan. Ba 'yan dako a nan, kai za ka ja abinka har gindin bas. Direba zai tambaye ka inda za ka sauka don ya jera kaya a but bisa tasha tasha, ka faɗa masa da kyau, kuma ka ɗaura wa akwatinka ƙyalle mai launi saboda baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya. Fasfo, magani, laftof, kuɗi, su zauna a jikinka. Af, kuma ba a ba direba saƙo ya kai wani gari a karɓa, kar ma ka fara.

Wanda zai bi ta Landan, Victoria Coach Station daban take da tashar jirgin ƙasa ta Victoria, sai ka taka kusan minti 10 a titin Buckingham Palace Road, da akwati biyu a hannu kam ka ƙara. Tsohuwar tasha ce tun 1932, cunkoso, tattabaru na yawo a tsakanin ƙafafun mutane, ba mai kiran Leeds Leeds Leeds, allo ne kawai zai nuna maka lambar ƙofa. Inda ake sauka ma gini daban ne da inda ake hawa, in za ka canza mota sai ka tsallaka titi. Kuma ka karanta sunan tashar da ke kan tikitinka ba sunan gari kawai ba. Manchester akwai Chorlton Street akwai Shudehill. Sheffield akwai ta cikin gari akwai Meadowhall. Milton Keynes Coachway can bakin babbar hanya take, ka sauka ƙarfe 1 na dare ka ga ba gida ba shago, ba keke napep ba ɗan acaba, sai tasi da kuɗinta zai iya fin na bas ɗin da ta kawo ka. Ba a cewa akwai sauka a gaban gidan mai, inda aka rubuta nan za a tsaya.

A cikin motar akwai bayi a baya, akwai wurin caji amma ba kullum yake aiki ba, tikitinka kuma a waya yake, don haka ka ɗau hotonsa ka riƙe fawa bank. Ɗaura bel doka ce. Abinci mai zafi ba a shiga da shi a National Express, kular shinkafa da miya a haƙura sai an isa, a riƙe burodi da dabino da ruwa. Magana a waya da ƙarfi ko sakin wa'azi ba iyafis, za ka ga ana waigowa, ba mai ce maka komai amma ka gane.

Sallah ita ce sai ka yi wa kanka tsari. A hanyar Abuja direba da kansa zai tsaya Tafa a yi alwala a ci abinci, nan ba ruwansa. A doguwar tafiya akan tsaya a wuraren hutu na bakin hanya don doka ta hana direba wuce awa 4 da rabi yana tuƙi ba hutu, amma wani lokacin canza direba kawai za a yi a wuce. In an tsaya ka ji minti nawa ya ce, ka kalli lambar motarka don fararen bas biyar za ka tarar jere in ka fito. A watan Disamba magariba kafin ƙarfe 4 take yi, azahar da la'asar da magariba duk suna iya wucewa kana kan kujera ɗaya, ni dai da alwala nake fita, in haɗa azahar da la'asar kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi, zancen ƙasaru kuma kowa ya tambayi malaminsa.

Sai masu ganin Paris ko Amsterdam a manhajar FlixBus da araha su ce bari mu leƙa hutu. Bas ɗin na zuwa, ta Dover ko Folkestone ake bi, amma bizar Birtaniya ba ta shiga da kai Faransa, mai koren fasfo sai ya nemi bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai tun kafin ya yanki tikiti, in babu ita ko dai a hana ka hawa tun daga Victoria ko a sauke ka a bakin iyaka, motar ta wuce.